Kofin Tsohon Kulob

Likita ta zare allurar daga gwiwar Bahago, ta danna auduga a wurin ba tare da ta kalle shi ba. Ta ce maganin zai danne zafin na tsawon awa biyar. Sannan ta maimaita abin da ta faɗa masa tun makon jiya: jijiyar ta kusa tsinkewa, in ya yi gudu a kanta yau, ba ta yi alkawarin zai sake hawa bene babu sanda ba. Bahago ya yi godiya, ya sauke ƙafar wandonsa.

Matarsa, Maman Biyu, tana zaune a bencin waje da jakar raket a cinyarta, ta sha kunu. Ta rufe shagon ɗinkinta ta biyo shi ne kawai don kada a ce ba ta yi ƙoƙarin hana shi ba. Shekararsa talatin da shida, sha tara daga ciki a filin tanis ya kashe su. Kofuna sun cika saman kabad ɗin falonsu har ta gaji da goge musu ƙura. Amma ɗaya babu, na Tsohon Kulob, kuma yau da ƙarfe ɗaya zai buga wasan ƙarshe a kansa, karo na uku a rayuwarsa.

A cikin bas ta sake ɗauko maganar. Ita dai a ganar da ita, in ji ta. Gasar da kamfanin lemo ke shiryawa a sabon zaure, mai fitilu da na'urar sanyaya ɗaki, sau huɗu yana cinye ta, har a talabijin aka nuna shi. Wannan kuwa fili ne na jar ƙasa, da kujerun katako masu yage wa mutum zani, ga kofin ma a lotse.

Gaskiyarta ce, kuma Bahago bai taɓa iya ba ta amsa mai gamsarwa ba. Gasar Tsohon Kulob ta shekara sittin ba a yi fashin ko ɗaya ba. A tsakar rana ake buga ta, zagaye biyar, babu rumfa. Duk wanda ake kira gwani a wannan wasa, a kan jar ƙasar nan ya goge gwiwarsa kafin a kira shi haka. Tsofaffin zakarunta suna da benci a gindin bishiya wanda ba mai zama sai su. Idan Bahago ya je gaishe su, sai su amsa da fara'a su ce, yaron kamfani ya iso. Yakan yi dariya tare da su, amma abin yana ci masa rai ƙwarai.

"Saboda tsofaffi shida za ka gurgunta kanka?" ta ce.

"Ba saboda su ba ne."

"To saboda wa?"

Wayarsa ta cece shi. Sakataren kulob ne. Dogo, matashin da zai kara da shi, ya aiko saƙo cewa ya janye. Ba ciwo ba ne. An ba shi gurbi a wata gasa da za a fara gobe a wani gari, wadda ke ba da maki a jerin gwanaye na ƙasashe, kuma yanzu haka yana tasha. Sakatare ya taya Bahago murna a sanyaye.

Maman Biyu ta sauke ajiyar zuciya ta gode wa Allah. Ga kofi, ga gwiwa lafiya lau, me kuma mutum zai nema? Ba ta rufe baki ba ta ga mijinta ya ƙwanƙwasa jikin mota ya ce akwai sauka.

Sun sami Dogo a layin masu sayen tikiti, ba wuyar ganewa, ya kere kowa tsawo. Shekararsa ashirin, kuma Bahago ne ya fara gyara masa riƙon raket. Dogo ya cire abin jin kiɗa daga kunne ya rusuna. Bahago ya ja shi gefe, kusa da mai sayar da ruwa, ya roƙe shi. Ya ce akwai motar yamma. Ya ce in ta gajiya yake ji, wasan ba zai daɗe ba, kowa ya san halin da gwiwar take ciki. Har ya ce masa shi Dogon ne zai ci, don ya ga yadda sabis ɗinsa, wato bugun da ake buɗe wasa da shi, ya yi kaifi bana.

Dogo ya saurara da ladabi, yana satar kallon agogo.

"Yaya, ka karɓa kawai, ka cancanta," ya ce. "Ni in na ci, me zan yi da shi? Ba maki. A can ba wanda ya taɓa jin sunan kulob ɗin nan."

Ba da raini ya faɗa ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Bahago zafi. Da fitsara ce, da ya san yadda zai rama. Yaron ya karɓi tikitinsa, ya yi wa Maman Biyu sallama, ya naɗe dogayen ƙafafunsa a kujerar baya. Suna tsaye motar ta cika ta fita daga ƙofar tasha.

A hanyar kulob Maman Biyu ba ta ƙara gode wa kowa ba. Can sai ta ce wannan yaron ba shi da ta ido, mutum ya sha allura tun safe dominsa. Ta sake cewa ai ko kofin gwangwani ne ba a yi wa shekara sittin haka. Bahago ya dube ta da mamaki, ita kuwa ta kau da kai wajen taga.

Mutanen da suka taru ba su kai ɗari ba, don labari ya riga ya bazu. An yayyafa wa fili ruwa, an ja layuka fari tas. Tsofaffin suna kan bencinsu, har sun matsa sun bar gurbin mutum ɗaya a gefe. Alƙalin wasa, wani dattijo mai farar hula, ya bayyana masa ƙa'idar kulob, wadda ba a taɓa buƙatarta a wasan ƙarshe ba: zai shiga fili cikin fararen kaya, a jira abokin karawa minti sha biyar, sannan ya buga sabis ɗaya zuwa wancan ɓangaren. Da ƙwallon ta sauka, kofi nasa ne.

Ya shiga. Ya tsaya a bayan layi yana dunƙule ƙwallo a hannun dama, raket a hagu. Gwiwar ta yi shiru, rabonta da yin daɗi haka tun yana saurayi. Ya san baɗi ba za ta kawo shi nan ba, ko likita ba ta faɗa ba. Shekara sha tara yana neman wanda zai doke a wannan fili, yau ga ƙafa, ga rana, babu kowa a bayan raga.

Alƙali ya duba agogonsa ya ce lokaci ya cika. Sakatare ya ɗauko kofin daga kan tebur ya riƙe a ƙirji. Bahago ya buga ƙwallon a ƙasa sau uku, kamar yadda ya saba, ya cafe ta. Ya juya wajen Maman Biyu. Tana tsaye a jikin wayar shingen fili da jakarsa a kafaɗa, ita kaɗai a wurin ta ga fitar motar nan tare da shi.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa alƙali, "hanyar tasha akwai cunkoso. A ƙara masa sha biyar."

Dattijon ya dube shi, sannan ya danna agogon ya koma kan kujerarsa.