Tambayar Audi Majemi

A shekarun da kuɗin wuri ya yi yawa a Sakkwato har darajarsa ta zube, Malam Hayatu yana zaune a wani gida mai zaure ɗaya, a unguwar da ke gangarawa gulbi. Gidan ba nasa ba ne. Na Maigandi ne, wani attajiri mai fataucin fatu, wanda ya ba shi ya zauna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya kuma yanka masa damin gero ashirin duk kaka, don ya riƙa karantar da mutanen unguwa bayan la'asar. Da geron nan yake ci, shi da matarsa Sadiyatu, da 'ya'yansu mata biyu, da mahaifiyarsa wadda idanunta suka tafi.

Maigandi yana da wurin jima a bakin gulbi, da majema kusan talatin masu yi masa ƙwadago. Su ke jiƙa fatun awaki cikin toka, su kankare gashi, su dama bagaruwa, su rina da karan dafi, har fata ta fito ja mai laushi irin wadda fatake ke rububi. Ladansu wuri ɗari biyu ne a wuni, kuma haka yake tun zamanin uban Maigandi. A da ɗari biyun nan kan sayi mudun gero huɗu. Yanzu da ƙyar take kawo ɗaya da rabi.

Wata Talata karatu ya kawo Malam Hayatu babin da ke magana a kan ɗaukar mutum aiki da biyansa. Ya karanta, ya fassara, ya kawo gargaɗin da aka yi wa mai cin gumin ɗan ƙwadago, duk da murya ɗaya, kamar yadda ya saba yi shekara da shekaru ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Har ya kai hannu zai tattara takardu, sai wani dattijo ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Audi ne, babba cikin majeman Maigandi. Kullum can yake zama, don kada warin jima da ke jikinsa ya dami jama'a.

Ya ce, "Allah shi gafarta Malam. Mutum shi wuni shina aiki, a biya shi abin da anka yi alkawali, ba a rage mai ko wuri guda ba, amma abin bai kai shi ci da iyalinai ba. Wanga lada ya halatta ga mai biya?"

Malam Hayatu bai ɗaga kai ba, amma ya san wanda ke zaune a damansa: Yari, ƙanin matar Maigandi, mai kula da wurin jimar. Malam ya ce tambaya ce babba, tana son bincike, a dawo ranar Asabar. Ya shafa addu'a, aka tashi.

Washegari da hantsi Yari ya yi sallama, da sabuwar riga a naɗe da goro, wai saƙon Maigandi. Bai ambaci tambayar ba ko sau ɗaya. Hira kawai ya yi. Ya ce ayarin Maigandi zai tashi nan da kwana ashirin, akwai fatu sama da dubu a jiƙe, in majema suka janye hannu kwana uku kacal duk za su ruɓe, kuma ana raɗe-raɗin sun fara shawarar haka. Ya ce Maigandi ma yana tunanin ya sayo bayi ya huta da 'yan ƙwadago gaba ɗaya. Daga nan, yana ɓare goro, ya tambaya ko Malam ya tuna da Malam Siddiƙu.

Malam ya tuna. Tare suka yi karatu. Shekara shida da suka wuce Siddiƙu ya yi wata magana a kan masu ɓoye hatsi, aka kai ƙara cewa yana tada fitina, aka umarce shi ya bar gari kafin rana ta faɗi. Ya fita da iyali a tsakiyar bazara, ƙaramar 'yarsa ba ta kai inda za su ba.

"Allah shi jiƙan yarinyar nan," in ji Yari. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya tafi.

Ranar Malam Hayatu bai iya cin abinci ba. Ya baje littattafansa a kan buzu yana neman ƙofar fita, kuma bai sha wuya ba ya same ta. In mutum biyu baligai masu hankali suka yarda da lada sananne a kan aiki sananne, ciniki ya ƙullu, alƙali ba ya warware shi. Gaskiya ce, tana nan a rubuce, ba wanda zai ce ya yi ƙarya. Ya karanta wurin sau uku. Duk da haka hankalinsa bai kwanta ba, domin ya san abin da ke shafi na gaba, inda malamai suka yi magana a kan yardar da matsuwa ta tatso daga bakin mutum.

Ranar Alhamis ba karatu. Ya yanke shawarar ya je ya sami Audi a keɓe, ya roƙe shi ya janye tambayarsa. Ya bi ta bayan gidaje don kada a gan shi, yana waiwaye kamar wanda ya ɗauko abin wani. A wurin jima aka ce masa Audi ba ya nan, tun jiya Yari ya sallame shi. Wanda ya faɗa masa haka bai ko ɗago daga fatar da yake kankara ba.

Ya iske Audi a gida, zaune a gindin danga. Matarsa Mairo tana tsugune tana cuɗa dusa da ganyen tafasa a ƙwarya, jikoki uku sun zuba mata ido. Audi ya tashi da sauri ya shimfiɗa masa tabarma, yana ba da haƙuri a kan wari. Hannuwansa duk toka ta cinye, farata biyu sun fita. Malam Hayatu ya zauna, ya yi gaisuwa mai tsawo, ya kasa fito da abin da ya kawo shi.

Audi ne ya sauƙaƙe masa. Ya ce su ba rigima suke nema ba, ba su kuma yi shawarar barin fatu su ruɓe ba, domin fatar da mutum ya jiƙa da hannunsa amana ce.

"Mu dai ba mu da karatu, Malam. In kac ce halal na, mun yarda, mu yi haƙuri har Allah shi kawo sauƙi. So mukai mu sani."

Da Audi ya zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ya dawo gida bai faɗi abin da ya kai shi ba.

Ya gaya wa Sadiyatu komai. Ba ta ce masa ya faɗi gaskiya ba, ba ta kuma ce ya ɓoye ba. Ta daɗe tana duban ɗakin da tsohuwa ke kwance, sannan ta ce yana da ƙane a Dundaye, me zai hana ya tafi ziyara ranar Asabar da sassafe, ya yi mako guda, kafin ya dawo ayari ya kusa tashi, magana ta mutu da kanta. Ya ji kamar an sauke masa dutse. Ranar Jumma'a ya aro jaki, ya ɗaure 'yan kayansa.

Asabar da safe yana ɗora wa jakin kaya sai ya ji hayaniya a ƙofar gida. Majema ne, ba su jira la'asar ba, sun taho tun kafin su shiga aiki, sun cika ƙofar zaure, wasu a tsaye wasu a tsugune. Kafin ya san abin yi, sai aka dare hanya. Maigandi da kansa ya shigo, Yari na biye da shi. Maigandi mutum ne mai jiki, mai fara'a, mai yawan kyauta, ya gina masallatai biyu. Ya dubi jakin, ya yi murmushi, ya ce ashe sun zo a kan gaɓa, gara a kashe maganar nan kowa ya kama harkarsa.

Malam Hayatu ya zauna a kan buzu. Ya jawo littafi. Ya buɗe wurin da ya karanta sau uku, ya karanta shi na huɗu, ya fassara. Ya ce ladan da aka yarda da shi ya ƙullu, alƙali ba zai kama mai biya da laifi ba. Muryarsa ta fito siririya. Bai dubi bakin ƙofa ba, amma ya ji motsin mutane suna sunkuyar da kai, wani ya ce Allah shi kyauta. Da an tashi a nan, da shi ke nan.

Amma Maigandi ya ji daɗi, kuma jin daɗin ya sa shi son ƙari. Ya gyara zama ya ce, "Madalla. To Malam, faɗi su ji da kyau. Ke nan ko gaban Allah babu komi bisa kaina?"

Malam Hayatu ya buɗe baki zai ce babu, kalmar ta ƙi fita. Ya iya ɓuya a bayan alƙali, amma wannan tambayar ba ta bar masa inda zai raɓe ba. Ya ji tarin mahaifiyarsa daga cikin gida.

"Akwai," ya ce, a hankali har sai da na baya suka matso. "Allah shi daɗe da ranka, akwai. Ɗari biyun da mahaifinka yay yanka, abinci yab ba su, ba wuri ba. Sunan ya tsaya, abincin ya tahi. Mai jin yunwa in ya ce ya yarda, yunwa ta tay yarda. Wanda yaw wuni shina yi maka aiki, haƙƙinai na shi koma gida da abin da za shi ci da iyalinai. Ƙasa da mudu ukku, ko nawa gero yak kai, ni ban san yadda zan kira shi lada ba."

Ba wanda ya yi kabbara, ba wanda ya motsa. Fara'ar Maigandi ba ta gushe ba, ta dai daskare a fuskarsa. Ya miƙe, ya ce ya gode da karatu, ya fita. Majema suka watse ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yarda a gan shi yana gaida Malam.

Kwana huɗu suka biyo baya waɗanda bai taɓa ganin irinsu ba. Ba wanda ya zo karatu. Maƙwabta suka daina aiko yara ɗiban wuta. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ya zaci an zo korarsa ne. Sadiyatu ta ƙulle tukwane da tabarmi, tsohuwa kuwa tana ta tambayar me ya sa gidan ya yi shiru.

A rana ta biyar dogari ya zo, ya ce muhtasibi, mai duba ciniki da ma'auni a kasuwa, yana kiransa. Ya bi dogarin ta tsakiyar gari, mutane na kauda kai. A can ya iske Yari da wasu masu jima biyu. Muhtasibin dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya sa Malam Hayatu ya maimaita abin da ya faɗa kalma da kalma, ya tambaye shi inda ya samo, ya sa aka kawo littafin aka duba. Ya aika kasuwa aka tambayo kuɗin mudu. Ya tambayi Yari ko majema sun bar aiki, Yari ya ce ba su bari ba tukuna. Duk tsawon wannan lokaci Malam Hayatu na durƙushe, yana lissafin nisan da makauniya za ta iya yi a ƙasa kafin rana ta faɗi.

Hukuncin bai yi wa kowa daɗi sosai ba. Muhtasibi ya ce daga yau kada a biya majemi ƙasa da wuri ɗari uku a wuni, a sake dubawa bayan kaka. Mudu biyu ke nan da ɗan kai, ba uku ba. Ya ce bai ga fitina a maganar Malam ba, amma irin wannan zance gabansa ya kamata a fara kawowa, ba gaban taro ba, don haka Malam ya dakata da karantarwa a unguwar. Bai ce ya bar gari ba. Malam Hayatu ya fito, ya kama hanyar gida.

Maigandi ya biya ɗari ukun, ayarinsa ya tashi a kan lokaci. Bai mai da Audi aiki ba, sai daga baya wani mai jima a wata unguwa ya ɗauke shi. Bayan mako guda Yari ya zo da ladabi ya ce ana bukatar gidan, za a ajiye fatu a ciki.

Suka tashi da hantsi zuwa Dundaye, tsohuwa a kan jaki, Sadiyatu da 'yan matan da kaya a ka, shi kuma da gafakar littattafai a kafaɗa. Mairo matar Audi ta tare su a bayan gari da 'yar ƙwaryar fura, ta miƙa wa Sadiyatu, ta juya da sauri.

Sun yi nisa cikin gonaki sai suka ji sukuwar doki a bayansu. Malam Hayatu ya tsaya cak. Ya ce wa Sadiyatu ta ja jakin ta shiga cikin dawa da yaran, kada ta fito ko me ta ji. Ya ajiye gafakar a ƙasa, ya tsaya a tsakiyar hanya shi kaɗai, leɓɓansa na motsi da addu'a. Mahayin ya iso, ya ja linzami, ya yi sallama. Wani Bafillace ne, saniyarsa ta ɓace tun jiya, ja mai karyayyen ƙaho, yana tambaya ko sun gan ta. Malam Hayatu ya ce ba su gani ba. Mutumin ya yi godiya ya wuce.

Malam Hayatu ya kira su Sadiyatu suka fito. Tsohuwa ta tambaya wane ne, ya ce mai neman saniya ne, Inna. Ta ce Allah shi bayyana mai ita, ta kuma ce a gyara mata zama, ƙafarta ta yi tsami. Ya gyara mata, ya kama igiyar jakin, suka ci gaba. Sun isa Dundaye bayan azahar, suka iske ƙanensa yana gona, matarsa ta share musu ɗakin da ake ajiye ƙaiƙayi.