Fatar Mataccen Ɗan Rago

Fergus ya feɗe ɗan ragon tun gawar ba ta huce ba, ya zura wa wani marayan ɗan rago fatar kamar riga, ya tura shi gaban tunkiyar da ta rasa ɗa. Ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta tsaya ya kama nono.

"Dabba dai dabba ce," in ji shi, yana goge wuƙa a wando. "Wari kawai take bi."

Mahaifiyarsa Elspeth tana jingine da shingen garke. Shekara uku ke nan sama ta ƙafe a yankinsu na New South Wales. Tafki ɗaya ya rage musu, kuma a bakinsa ragowar 'yan asalin ƙasar suka kafa bukkoki.

Fergus ya ce, "Gobe zan tashe su, har da tsohuwar nan Kitty. Kullum na wuce sai ta kafa mini ido."

"In sun tashi, ina za su sha?"

"Ina ruwana, Mama? Baba ne ya gano tafkin nan. A rubuce yake."

A rubuce yake kam, ita ta rubuta a bangon Littafi Mai Tsarki na gidan, kuma ƙarya ce tsagwaronta. Kitty ce ta nuna wa marigayi Dougal, mijin Elspeth, ruwan, ranar da ya iso da tumaki ɗari shida suna zubewa don ƙishirwa. Akwai kuma abin da Elspeth ba ta rubuta ba. Jaririnta ya mutu da zazzaɓi yana wata biyu, ta kwanta nono yana jiƙa mata riga. Dougal ya gangara bukkoki, ya dawo da ɗan da ya haifa da Kitty, sanye da rigar mamacin. Elspeth ta gane sarai, amma ta shayar da shi, ta kira shi Fergus. Kitty ta biyo shi da kuka, Dougal ya kore ta da bulala.

"Ƙyale tsohuwar nan, ɗana."

"Saboda me?"

Ta buɗe baki, tsoro ya rufe shi. Ba za ta iya rayuwa ba in ya daina ce mata Mama.

"Ta tsufa," ta ce.

Ya yi dariya. "Ke ma kin tsufa, ba ki tare mini ruwa ba."

Washegari da hantsi hayaƙin bukkokin da Fergus ya cinna wa wuta ya turnuƙe. Mutanen suka wuce ta gefen garke da ƙunshinsu, suka nufi yamma inda babu ko ɗigon ruwa. Kitty ce a ƙarshe, tana jan ƙafa. Ta tsaya ta dubi marayan da fatar ta fara wari a jikinsa.

"Kwana uku ake yi a cire ta, uwar ɗakina. Ke shekara arba'in ba ki cire taki ba."

Ta bi mutanenta. Fergus ya matso a kan doki, fuskarsa duk toka.

"Me take cewa, Mama?"

"Ba komai," in ji Elspeth. "Sallama take yi maka."