Masara Marar Saiwa

Masarar da ke bakin gonar ba ta da saiwa. Da sassafe ma'aikatan shirin noma suka saro ta daga fadama, suka kakkafa ta layi-layi, don ta tare wa baƙin da za su zo duba shirin abin da ke bayanta: 'yan karare jajaye waɗanda ko akuya ba za ta waiwaya ba.

Gonar ta Baba ce. Bara shirin, wanda wasu ƙasashe suka haɗa hannu suka kafa, ya yi alkawarin sabon iri mai jure fari. Baba ya yarda har ya bari iyali suka cinye irinsa na gado, domin babban ɗansa ne tafintan shirin, kuma shi ya rantse masa. Irin bai iso ba sai da damina ta raba tsakiya.

Da motocin baƙi suka tsaya, shugaban ofis ya ja Tafinta gefe.

"Ka san bakin tsohon nan. In suka janye tallafi, ni da kai duk gida za mu koma."

Jagorar baƙin, wata mata mai faffaɗar hula, ta yi magana da harshenta.

"Baba, tana tambaya yaya ka ga sabon irin," in ji Tafinta, idonsa a ƙasa.

"Madalla. Gaya mata ban ce ƙasarsu ba ta bayar ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana! Iri ya kwana a sito ana jiran ranar bikin rabawa, ruwa kuwa bai jira kowa ba. Gaya mata da gemuna ban taɓa awo a kasuwa ba sai bana. Wa ya tambaye mu lokacin shuka? Mu gumaka ne da za a jera a ɗauki hoto?"

Jijiyar wuyansa ta miƙe. Tafinta ya juya wajen matar, ya yi 'yar gajeriyar magana da harshenta.

Matar ta dafa ƙirji, ta yi murmushi. Baƙi suka ɗau tafi.

Baba ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya dubi ɗansa. Ya taka zuwa layin masarar, ya damƙi kara guda. Da zai fizga sau ɗaya, da asiri ya tonu. Shugaban ofis ya daskare. Tafinta kuwa gumi ke bin wuyan rigarsa, rigar aikin da tun watan jiya ita ke ciyar da gidan.

Baba ya daɗe riƙe da karan. Sannan ya sake shi, ya goge tafinsa a riga, ya kama hanyar gida ba sallama.

Da yamma Tafinta ya same shi a tsakar gida yana wasa fartanya kamar zai cinye dutsen.

"Me ka ce na ce?"

"Na ce ka gode."

"Sai me?"

"Baba, in suka tafi da tallafin..."

"Sai me, na ce!"

"Na ce rumbunka ya cika."

Fartanyar ta tsaya. Mama ta leƙo daga madafa, da tukunya wankakkiya a hannu.

"Malam, yara sun dawo. Me zan ɗora?"

Baba bai ɗago ba. Ya gwada kaifin fartanyar da babban yatsa.

"Tambayi ɗanki," ya ce. "Shi ya san inda rumbun yake."