Tafarnuwar Doña Perpetua da Butar Don Nicanor

Shekara arba'in da ɗaya Don Eusebio ya yi yana rabon ruwa a gonakinsu na bayan garin Mendoza, kuma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe ƙofar ruwan wani kafin ta Doña Perpetua ba. Ba wai don ta fi kowa baki ba, ko da yake ta fi ɗin. Gonarta ce a can ƙarshen magudana. In aka fara da na sama sai su shanye ruwan, abin da zai iso mata ko kofaton akuya ba zai jiƙa ba. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake farawa da ita, a hauro gida-gida, a ƙare da Don Nicanor mai inabi, wanda gonarsa ke manne da ɗakin famfo.

To, gwiwoyin tsoho suka ce sun gaji. Sai 'yarsa Yamila, wadda ke aikin rubuta wa kwamfuta umarni a cikin gari, ta miƙe a taron manoma ta ce a bar mata. Aka sa wa ƙofofin nan bakwai injin buɗewa, aka samo wata tsohuwar kwamfuta aka girke a ɗakin famfo.

“Layin rabon nan fa?” in ji Doña Perpetua.

“Inna, ko gashi ɗaya ba zai goce ba. Da sunan Babana na yi alkawari.”

Abin da ta rubuta ba shi da yawa. Akwai wani abu da masu sana'arsu ke kira ƙamus: ka sa suna, ka sa abin da ke nasa a gefe. Ta sa Perpetua da mintocinta, ta sa na biye, har zuwa Nicanor, ta ce wa kwamfuta ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta gwada a tata kwamfutar ta hannu ya fi sau ashirin, kullum Perpetua ce a gaba.

Ranar Litinin ruwa ya fara da Don Nicanor.

Hantsi bai gama dagawa ba sai ga Doña Perpetua a ƙofar gidan su Yamila, riƙe da tafarnuwa guda da ta yi yaushi, tana kaɗa ta kamar wutsiyar ɓera.

“Eusebio! Fito ka ga aikin 'yarka! Wannan ce zan kai kasuwa?”

“Inna, kuskure ne, gobe zai daidaita,” in ji Yamila.

“Kuskuren da ya san hanyar gidan Nicanor? Yarinya, ni na yanke miki cibiya, kada ki yi mini bokon banza.”

Ran Laraba ruwa ya fara da gidan su Baigorria na tsakiyar layi, Nicanor ya zo na biyu. Ran Juma'a ya fara da wata gona da aka riga aka girbe, ya yi ta shayar da ciyawa. Doña Perpetua ta zo ta shida. Manoma suka sa taro ran Lahadi: a tsige injin, a danƙa wa Don Nicanor makullan ƙofofin ruwa, tunda shi ne kusa. Kowa kuwa ya san in makullai suka shiga hannunsa, tafarnuwar nan sai dai labari.

Yamila ta zauna a gindin itacen ɓaure tana gwadawa tana sake gwadawa. A kwamfutarta komai lafiya lau, Perpetua a gaba kamar mai jan waƙa a coci. Ubanta na gefe yana wasa da tsofaffin makullansa. Bai yi mata faɗa ba, shi ne ma ya fi ci mata rai.

“'Yata, sunayen nan a me kika zuba su?”

“A ƙamus, Baba.”

“Shi ƙamus ɗin, igiya ce ko buhu?”

“Kamar yaya?”

Ya ɗaga makullan. A jikin waya ɗaya suke, a jere, an murɗe bakinta. “Waɗannan ko na sha giya na yi tatul ba za su canza wuri ba. Amma da a buhu na zuba su, wanda hannuna ya taɓa shi zan ciro.”

Yamila ta buɗe baki za ta ce masa ai ƙamus na riƙe jerin da aka zuba masa. Sai ta tuna wani abu. Ƙamus na zubin yanzu ne ke riƙewa. A tsohon zubin harshen kwamfuta da take rubutu da shi, ƙamus buhu ne sak, kuma duk sanda aka kashe kwamfuta aka kunna sai ya sake girgiza kansa. Ita kuwa kwamfutar ɗakin famfo ta girmi wasu 'yan makaranta.

Amma wa ke kashe ta? Ai ta bar ta a kunne.

Ta zari takalmi ta nufi ɗakin famfo, tsohon na ɗingishi a bayanta. Suka tarar da Don Nicanor a kan kujera da abokansa biyu, ƙoƙon mate, shayin ganyen da suke sha, na zagayawa, butar lantarki na huci. Soket ɗaya ne tak a ɗakin. Wayar kwamfuta na yashe a ƙasa.

“Kawu Nicanor! Kai ke cire wannan?”

“Minti biyar ne kacal, 'yar boko. Ina mayarwa. So kike mu sha mate da ruwan sanyi kamar marasa gata?”

“Kullum?”

“Safe da yamma. Me ya yi zafi? Ni dai tun da aka kawo akwatin nan inabina ke murmushi. Na ɗauka addu'ar marigayiya matata ce.”

“Matarka ko tana raye ba ta yi maka addu'a,” in ji Don Eusebio.

Gyaran bai kai tafasar buta ba. Yamila ta canza ƙamus ɗin zuwa irin wanda ke riƙe jeri ko a tsohon zubi, ta sa a riƙa nuna layin a allo kafin a buɗe ƙofa ko ɗaya.

Ran Lahadi, maimakon a zauna a tsige inji, sai ta kwaso taron gaba ɗaya zuwa ɗakin famfo. Ta miƙa wa Doña Perpetua wayar.

“Inna, cire. Ki mayar.”

Tsohuwa ta cire ta mayar. Allo ya nuna Perpetua a sama, Nicanor a ƙasa. Ta sake. Haka. Abin ya yi mata daɗi, ta yi ta cirewa tana mayarwa har sau goma sha ɗaya, tana kallon Nicanor a kowane karo, sai da aka riƙe mata hannu.

“To, akwatin ya yi hankali,” ta ce. “A bar shi. Amma butar nan ni zan tafi da ita.”

Aka sasanta a kan za a ƙara soket.

Ruwa ya gangara ƙarshen magudana a ranar, tafarnuwa ta sha ta miƙe, ban da layi biyu na bakin shinge da suka riga suka tafi. Aka zauna shan mate, Don Eusebio ne mai zubawa. Shi ma ƙoƙon nan da layinsa, daga hannu zuwa hannu, ba a tsallake kowa. Da ya iso kan Don Nicanor, har ya miƙo hannu, sai tsoho ya wuce shi ya ba Doña Perpetua. Zagaye na biyu ma haka.

“Eusebio, ni fa?”

“Yi haƙuri, ɗan'uwa. A buhu na zuba sunayen.”