Goɗiyar Babana da Dokin Surukata

Ranar aurena da Hinnerk, dawakai biyu ne suka kusa hana mu shiga coci.

Babana Ottmar jan gumagumai yake yi a daji da goɗiyarsa Fanni, irin dawakan yankinmu na Schwarzwald, nan kudu: gajera, mai faɗin ƙirji, jiki ja wur, geza fara har wuya. Tun ina yarinya ya sha alwashin ita za ta ja keken amarcina. Ita kuwa mahaifiyar Hinnerk, Mama Wiebke, dogayen dawakan Hanover take kiwo a arewa. Da ta ji labari, sai ta loda wani dokinta mai suna Baron a mota ta taho da shi, wai shi zai shige gaba.

Da safe aka fito da su tsakar gida. Mama Wiebke ta zagaya Fanni tana kallo.

"Baban amarya, wannan doki ne ko tebur aka sa wa gashi?"

Baba ya ɗaga kai ya dubi Baron. "Maman ango, ke kuma da tsani kike hawa naki?"

Hinnerk ya matse hannuna. "Annerose, kar ki sa baki," ya ce a hankali.

Muka kama hanya. Mama Wiebke na gaba a kan Baron, ta miƙe sambal da baƙar hula, mu kuma muna cikin keke, Baba riƙe da linzami. Lafiya lau har bakin gada, inda 'yan badujalar ƙauyenmu suke jira. Suna busa ƙaho, Baron ya zabura. Bai taɓa jin irin wannan ƙara ba. Ya tsallake shingen maƙwabcinmu tsaf, ya dire a tsakiyar kabeji, ya tsaya yana huci. Mama Wiebke ba ta faɗi ba, amma hular ta bi rafi.

Baba ya yi dariya har da hawaye. "Kai, wannan tsalle! A arewa ta gona ake zuwa coci?" Ya kaɗa linzami, Fanni ta wuce ko kunne ba ta motsa ba.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Muna isa ƙofar gidan burodi, Fanni ta ja ta tsaya cak. Ashe duk safiya nan Baba yake saya mata murɗaɗɗen burodi, bai taɓa gaya wa kowa ba. Ranar kuwa an rufe, mai burodin yana can coci yana jiranmu. Baba ya lallaba, ya yi fito, ya sauka ya ja. Ko gezau.

Sai ga Mama Wiebke ta iso, ganyen kabeji maƙale a sirdi.

"Baban amarya, man ne ya ƙare?"

Kunnuwan Baba suka yi ja. Ƙararrawar coci tana ta bugawa. Na tattare rigata na dire, Hinnerk ya bi ni, muka haura tudun cocin da ƙafa, 'yan badujala na biye suna busa.

Da na waiga, Mama Wiebke ta sauka, ta ciro tuffa daga aljihu tana miƙa wa Fanni, Baba kuma ya riƙe mata Baron yana shafa wuyansa. Sai da fasto ya fara addu'a suka shigo tare, suna gardama ƙasa-ƙasa kan wanda zai je ya ba mai kabeji haƙuri.