Hannun da Ya Jira Kumandan

Raƙumin Alhasan, wani ɗan kasuwa daga Damagaram, shi ya cafki hannun Biba na dama a kasuwar Gure, ya girgiza shi har ƙashi ya ce ƙas. Da wannan hannun kuwa take saƙa tabarmin kaba, da shi take ciyar da 'ya'ya uku tun rasuwar mijinta.

Aisami, wan marigayin, ya tsaya mata wakili. Ya taɓa riƙe wa tafintan bariki linzamin doki sau biyu, tun daga nan ba mai gaya masa shari'a.

"Kada kowa ya taɓa hannun nan," in ji shi. "Shaida ce."

"Yaya, ba za a yi ɗori ba?"

"Ɗori sai bayan shari'a."

Suka je gaban alƙali. Alƙali ya ce ba a yanke hukuncin rauni sai ya warke, an ga abin da ya bari. Biba ta yi hamdala, ta nufi gidan maɗori. Aisami ya tare ta a hanya: ashe Alhasan ya kai maganar bariki, tafinta kuma ya ce kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, sai ya ga raunin da idonsa, yadda raƙumi ya bar shi. Kumandan ɗin kuwa yana rangadi a Kelle.

"To, in warke ne ko kar in warke?"

"Ki warke saboda alƙali, ki dakata saboda kumandan."

Kwana uku Biba tana juya wannan magana, ba ta ga kanta ba balle gindinta. Ta rataye hannun da tsumma, tana kuka in ba kowa.

Sai da aka kwana ashirin kumandan ya dawo. Ya leƙa hannun daga nesa, ya ce wannan ai ta alƙali ce, a koma can. Kafin nan ƙashi ya gaji da jira, ya haɗe da kansa a karkace. Yatsun ko zaren kaba ɗaya ba sa iya riƙewa.

Aisami har da rawar kafaɗa.

"Madalla! Hannun da ya nakasa shi ke da diyya mai kauri. Da ya miƙe, sai dai a ba ki haƙuri. Alƙali ya ce mu ƙara wata guda, ya tabbata a haka zai zauna."

Washegari Biba ta tafi wurin Garbai maɗori. Tsohon ya lalubi hannun a hankali.

"'Yata, ƙashin bai gama ƙwari ba. In na sake karya shi cikin makon nan, da yardar Allah ya miƙe. In ya wuce haka, ba ni da dabara."

Sai ga Aisami ya faɗo gidan yana haki.

"Biba, kin haukace? In ya karya, rauni ya zama na Garbai, ba na raƙumi ba! Shari'ar da muka kusa ci!"

Ta dube shi, ta dubi yatsunta. Tsoro ya cika ta.

"Yaya, wallahi har yau ban gane wa ke cin wa ba a shari'ar nan. Na dai san jiya ɗiyata Habsu ta ce in ɗaura mata zane, na kasa."

Ta durƙusa, ta ɗora hannun a kan turmin da aka kife, ta kama bakin mayafinta za ta cusa a baki.

"Baba Garbai, bismilla."