Mahaƙan Rijiyar Hirafok

Wani dare Sa'idu ya ji kuka ta bayan bangonsa a unguwar Gataa El Oued ta Tamanrasset, kamar gyare ya haɗiye busa. Ya yi addu'a ya koma barci. Da safe ya tarar ashe na'urar Khamisu ce, ɗan maƙwabcinsa, wanda ya buɗe shagon intanet. Haka take kuka in tana neman layi.

Khamisu ya nuna masa wani kundin sani da ke cikinta. Kowa a duniya na iya ƙara rubutu, kowa na iya gogewa.

"Baba, ba ku kuka haƙa babbar rijiyar Hirafok ba? Faɗa mini, in saka ku."

Sa'idu ya zauna ya ba shi labari. Su bakwai ne, duk daga wajen Damagaram. Ya jero sunaye shida har da nasa. Da ya zo kan na bakwai, wanda ƙasa ta rufta wa a gindin rijiyar, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Da wani yaro."

Yaron ɗansa ne na fari, kuma uba ba ya kama sunan ɗan fari. Khamisu haifaffen Tamanrasset ne, bai san wannan kunya ba. Yadda ya ji, haka ya rubuta.

Daga baya wani da ba wanda ya san ƙasarsu ya bi ta shafin, ya ga yaro ba suna, ya share shi. Sai wata ɗalibar jami'a a Alje, babban birnin ƙasar, ta kwashi labarin ta sa a littafin bincikenta: mutum shida suka haƙa, kuma duk sun fito lafiya.

Khamisu ya bugo shafin littafin da murnarsa, ya karanta a tsakar gida yana fassarawa. Rakiyatu, matar Sa'idu, tana tankaɗe. Ta jira, ta jira, sannan ta ajiye rariya ta shige ɗaki.

"Kai ɗan Larabawa," in ji Laure maƙwabciyarsu, "karatun naka ya tsallake mutum. Ina Mahamane?"

A ranar nan Khamisu ya mayar da yaron, da sunansa. Dare bai yi nisa ba aka cire. Ya sake sakawa, aka sake cirewa, aka bar masa saƙo: ya kawo hujja, don littafin jami'a ya ce shida ne.

"Ai daga wurinmu ɗalibar ta kwasa," Sa'idu ya ce.

"Na gaya musu, Baba. Sun ce nata bugagge ne."

Sa'idu ya sa hularsa ya tafi shagon da kansa. Ya tsaya gaban na'urar, ya gyara murya. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan ba.

"Mahamane," ya ce. "Ɗana ne. Ni na jawo igiyar da aka fito da shi."

Khamisu ya rasa yadda zai gaya masa na'urar ba ta ji. Ya rubuta kawai.

Da la'asar ya leƙo gidan ya girgiza kai. Sa'idu na zaune kan tabarma, Rakiyatu a bakin ƙofa ta juya baya. Laure ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"To, in shida ne, wa muka binne a Hirafok?"